Firinta ta Biyu a Kwamfutar Malam

Kwamfuta ɗaya, naɗe cikin tsohon bargo. Firinta mai ruwan toka, an ɗaure murfinta da roba. Wayoyi uku. Faifai cikin ambulan. Rabin rim na farar takarda.

Su ke nan Muhibba ta ɗauko daga Fagge, kuma a daidai Bata adaidaita sahun ya tsaya cak cikin cunkoso. Kwamfutar na kan cinyarta, firintar kuma ta tokare ta da ƙafa. Wayarta ta yi ƙara. Baffa Modu ne, ƙanen mahaifinta.

"Kin isa?"

"Muna Bata, Baffa."

"To. Kafin a buga, ki sa a ƙara sunan nan."

Muhibba ta leƙa waje. Wani mai tura atamfa a baro ya goge jikin keken ya wuce.

"Shekara goma sha ɗaya, Muhibba. Shi ma yana da hakkin a yi masa addu'a kamar kowa. Yaya ya tafi, yanzu takarda a hannunki take."

"Inna fa?"

"Gumsu za ta yi kuka ta share hawaye. Duk mun yi."

Duk watan Sha'aban ana saukar Alƙur'ani a gidansu. In an kammala, sai liman ya karanta sunayen mamatan zuri'a ɗaya bayan ɗaya, tun daga waɗanda suka taso daga Kukawa suka zauna a Fagge har zuwa wanda aka binne ƙarshe. Mahaifinta, Malam Abdulmuminu, shi ke riƙe da jerin. Suna ɗari da 'yan kai, da haruffan Larabci, kowanne da wasalinsa don kada liman ya karya sunan Barebari. Wata huɗu ke nan da rasuwarsa, sauka kuma gobe ce. Takardar bara babu ita, domin Malam kan ƙona ta da zarar an karanta, saboda ayoyin da ke samanta. Muhibba ta kwafi fayil ɗin a filash ta buɗe a kwamfutarta, sai ƙananan akwatuna suka fito a madadin haruffa. A tsohuwar kwamfutar kaɗai yake karantuwa, ita kuma ta daina sanin firintarta.

Sunan da Baffa ke nufi na Usaid ne, yayanta. Ya hau mota daga Maiduguri zai dawo gida, bai iso ba. Ba gawa, ba labari. Inna ta ce wanda ba a yi wa wanka ba, ba ya shiga jerin matattu a gidanta. Malam bai taɓa yi mata musu ba.

Shagon Tochukwu yana wani lungu a Sabon Gari, a bayan masu sayar da injin niƙa. Haifaffen Kano ne, furfura ta fara cin gemunsa, Hausarsa ta fi ta Muhibba santsi. Yana kwance bargon ya tsaya.

"Wannan ta Malam Abdulmuminu ce. Ni na haɗa masa ita." Ya shafa gefen ƙarfen. "Na ji labari. Allah Ya jiƙansa."

"Amin."

"Ke ce ta ƙasar waje? Kullum sai ya ce 'yarsa ta san kwamfuta. Ga shi kin kawo mini."

"Wadda na sani ba ta kai shekarun wannan ba, Oga."

"Ai wannan ta isa aure tun tuni."

Ya haɗa wayoyin da wani allo nasa. Kwamfutar ta yi gurnani ta tashi a hankali, tsohuwar Windows mai koren tudu da shuɗin sama. Ya soka wayar firinta. Wani ƙaramin saƙo ya fito a ƙasa cewa ba a gane abin da aka soka ba.

"Direba ne," in ji shi. "'Yar manhajar da ke fassara tsakaninsu. In ta lalace, sai su zauna kusa da juna kamar kurame."

Ya saka faifan da ta kawo. Faifan ya juya, ya yi ƙara, ya tsaya. Ya fito da shi ya ɗaga wa haske, duk ya karce. Ya goge da gefen rigarsa ya sake sakawa, haka dai. Muhibba ta ce ko a sauke daga intanet. Ya ce masu firintar sun daina ajiye na wannan zamanin, waɗanda ke yawo kuma rabinsu ƙwayar cuta ce. Ya jawo wata baƙar jaka daga ƙarƙashin tebur, cike da faya-fayai, ya shiga dubawa yana karanta rubutun hannunsa. Na huɗu ya karɓu. Sandar da ke nuna tafiyar aikin a allo ta kai rabi, NEPA ta ɗauke wuta.

Ya fita ya tayar da janareta, suka sake daga farko. Wannan karon ta kai ƙarshe. Firintar ta motsa cikinta, koren haske ya kama.

Ya buɗe inda ake ganin firintoci, sai ya ɗan ja baya da kujera.

"Biyu ne a nan."

"Ɗaya muke da ita."

"Na sani. Suna ɗaya, amma an yi mata kwafi. Ta farko tana kan wayar nan. Ta biyun an nuna mata tsohon ramin baya, mai faɗin nan, inda ba a soka komai ba. Duk abin da aka tura mata sai dai ya zauna a layi yana jira." Ya girgiza kai. "Tsofaffi. Wata rana ya danna abin da bai sani ba."

Hannunsa ya riga bakinsa. Shekara ashirin yana gyara irin wannan: ka ga firinta tana kallon ramin banza, ka juyo da ita. Ya juyo da ita kan waya, ya danna.

Firintar ta ja takarda.

Babu wanda ya tura komai. Ta ja ta ciki da wani dogon nishi, ta fito da ita da ɗumi, ta ja wata.

"Af. Ban share layin ba," in ji Tochukwu. Ya buɗe da sauri. "Aiki goma sha ɗaya ne a ciki. Bari in soke."

"Dakata."

Muhibba ta ɗauki takardar farko. Bisimilla a sama, ayoyi biyu, sannan sunaye. Jerin ne. Ta ɗauki ta biyu, ta bi da yatsa har ƙasa. Sunan ƙarshe: Usaid ɗan Abdulmuminu.

Ta dubi allon. Kowane aiki da ranar da aka tura shi a gefensa. Shekara ɗaya, aiki ɗaya. Ranakun suna ja baya da kwana goma da 'yan kai kowace shekara, yadda Sha'aban ke yi.

"Bar ta," ta ce.

Firintar ta ci gaba. Shafi biyu, ta ɗan huta, shafi biyu. Duk aikin da ya fito sai layinsa ya ɓace daga allon. A jeri na uku kakarta Hajo ta shigo, a ƙarƙashin Usaid. A na shida wani jariri na gidan Baffa da bai yi kwana arba'in ba. Matattu suna taruwa a ƙasansa, shi yana nan a wurinsa, a shekarar da ya ɓata. Muhibba ta halarci uku daga cikin saukar nan, ta ji liman da kunnenta, babu sunan. Wato duk shekara mahaifinta kan zauna ya rubuta sunan ɗansa, ya tura wa firintar da ya san ba za ta buga ba, sannan ya goge, ya tura wa mai bugawa.

Tochukwu ya miƙa hannu. Ya rage ƙarar rediyonsa har ta mutu.

Saura aiki ɗaya a allon. Muhibba ta karanta ranarsa, ta sake karantawa.

"Oga, agogon kwamfutar nan daidai yake?"

"Me kika gani?"

"Ranar Talata ya rasu. Wannan Juma'ar da ta biyo baya ce. Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma."

Ya sunkuyo. "Batirin agogo ne. In ya tsufa sai ya riƙa ƙarya." Ya dubi ƙasan allon, ya ciro wayarsa ya kwatanta. Ya daɗe yana kallon su biyun. "Daidai yake. Ko minti ɗaya babu tsakani." Ya mayar da wayar aljihu. "Kuma in ya yi ƙarya, baya yake komawa, ba gaba ba. Wani dai ya kunna ta a gidanku."

"Ni sai kwana biyar na iso. Ɗakin a kulle yake."

Firintar ta ja takarda. Ta fi daɗewa a kan wannan, ko kuwa Muhibba ce ta ga haka. Shafin farko ya fito, na biyu ya biyo shi. Layin ƙarshe ya ɓace daga allon, ranar ta tafi da shi.

Muhibba ta duba inda sunan Usaid ya saba zama. Babu shi. Daga wanda ke samansa sai Hajo, babu ko gurbi. Ta gangara ƙasa. Suna na ƙarshe sabo ne, da wasalinsa cikakke: Abdulmuminu ɗan Abdulƙahhar.

"Buɗe mini fayil ɗin," ta ce.

Ya buɗe. Jerin bara ne, kamar yadda aka karanta shi. Babu Usaid, babu Malam. Ranar da aka taɓa shi ƙarshe tana Sha'aban ɗin da ya wuce.

"Hajiya," in ji Tochukwu a hankali, "kina so in goge ta biyun? Ba ta da amfani yanzu."

"Mayar da ita inda ka same ta."

Ya dube ta, sannan ya juya firinta ta biyun kan ramin da babu komai. Ya naɗe kwamfutar cikin bargon da kansa, ya ɗauka har bakin titi, bai ƙara wata zolaya ba.

La'asar ta yi lokacin da ta iso Fagge. An riga an kawo tabarmin gobe, suna jingine da bangon soro. A tsakar gida mata biyu na tsince shinkafa. Inna Gumsu tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, ta bi kayan da ido ana shigo da su.

"Ta yi?"

"Ta yi, Inna." Muhibba ta durƙusa kusa da ita. "Wa ya shiga ɗakin Baba bayan rasuwarsa, kafin in zo?"

"Babu kowa. Mabuɗin yana ɗaure a bakin zanena tun da aka fita da gawar Malam. Ke na fara ba wa."

"Ko Baffa?"

"Modu da ko waya sai an danna masa?" Ta ja carbi biyu. "Ranar sadakar uku dai na ji ƙarar injin. Bayan la'asar, mutane sun ragu. Wannan gurnanin da yake yi in an kunna shi."

"Ba ki buɗe ba?"

"Malam ba ya son a shiga in yana aiki."

Ta faɗe shi yadda za ta ce ruwa ya ƙare a randa. Ba ta tambayi abin da ke cikin takardun ba, idonta dai na kansu. Inna ba ta san boko ba, amma Larabci ta iya, kuma sunan ɗanta za ta gane shi ko daga nesa. Muhibba ta juya su fuska ƙasa.

Ta shiga ɗakin mahaifinta, ta ajiye kwamfutar a kan teburinta, ba ta haɗa ko waya ɗaya ba. Ta ware shafi ashirin na farko ta saka a aljihun tebur. Shekara goma mutumin yana ganin ɗansa ya mutu, kuma bai bari takarda ta faɗa ba. Na ƙarshen kuwa, ko wane ne ya rubuta shi, ya cire sunan. Ba ta san ko don ya san wani abu ba ne, ko don Inna. Babu wanda za ta tambaya.

Sallamar Baffa Modu ta ji daga soro. Ya shigo yana gyara babbar riga, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, bai taka ciki ba.

"An buga?"

Ta fito ta miƙa masa shafi biyun. Ya nisanta su da idonsa ya bi ƙasa-ƙasa, leɓensa na motsi. Ya kai ƙarshe ya ce Allah Ya jiƙan Yaya. Sannan ya koma sama, ya sake bi.

"Kin sa na Yaya, kin bar na yaron."

"Ba ni na sa ba."

"Wa ya sa? Inyamurin?"

"Haka ta fito, Baffa."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya dubi bayanta, cikin ɗakin, inda kwamfutar ke zaune a duhun tebur. Ya rufe bakin. Daga can ƙofarta Inna ta daina jan carbi.

Muhibba ta jawo ƙofar ta rufe, ta murɗa mabuɗi.

"Wannan za a ba liman gobe," ta ce. "Ba za a ƙara kowa ba."