Sawun Bel a Jikin Rajab

"Shigo mana, Usta Shahata. Ka tsaya a bakin ƙofa sai ka ce neman aure ka zo," in ji Rajab daga kan gado.

Shahata ya shiga, ya ajiye ledar lemo a ƙasa. Bango ɗaya ya raba gidajensu a garin Dumyat, kuma shago ɗaya suke aiki. Rajab na yanka katako, shi kuwa injuna ne a hannunsa, shi ya sa ake ce masa Usta, wato ƙwararren ma'aikaci. Ranar Laraba bel ɗin injin zarto ya tsinke, ya zabgi Rajab a haƙarƙari, ya maka shi da ƙarfe. Likitoci suka duba, suka ce a mayar da shi gida kawai.

Unguwa duka ta ce ƙaddara ce. Shahata kaɗai ya san tun da safe ya ga tsaga a jikin bel ɗin, ga sabo rataye a ƙusa. Amma ana jiran gadon amarya, tsayar da inji zai cinye rabin yini. Sai ya shafa wa tsohon bel ɗin zumar rake don ya daina sulɓi, yadda ubansa ke yi. Ko murfin injin bai mayar ba.

"Rajab, akwai maganar da nake so..."

"In ta tantabaruna ce da ke ɓata muku shanya, ka kai ƙara lahira." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya kamo hannun Shahata. "Ji nan. In ta faru, kai za ka wanke ni. Yaran nan hannunsu rawa yake. Kai kuwa ban taɓa ganin ka yi aikin ha'inci ba."

Matar Rajab, Ummu Sabri, ta shigo da shayi. "Sha, ɗan'uwa. Matarka ta ce ka daina cin abinci. Allah ya bar zumunci."

Ya karɓa, ya shanye da zafinsa. Ya koma gida da maganar a cikinsa.

Bayan la'asar kuka ya ratso bango.

Suka rufe ɗaki, shi da Sabri, babban ɗan mamacin, mai zuba ruwa. Da Shahata ya janye mayafin zuwa ƙugu, sai ga sawun bel ɗin, baƙi ƙirin, faɗin tafin hannu, daga hammata har gefen ciki. Ya tsaya yana kallo.

"Baffa, ruwan zai huce," in ji Sabri.

Shahata ya naɗa ƙyalle a hannu, ya fara wanke wurin a hankali, kamar mai gudun kada ya fama masa.