Rawanin Gidan Tibrewal

"Pandit ya ce lokaci na wucewa," in ji Baffa Bajranglal, da ƙarfi yadda duk falon zai ji, yana nuna malamin addininsu da ke zaune a gefe. "Ko surukin naka ya ɓata hanya ne a kasuwar Barabazar?"

Ramniwas bai ɗago ba. Yana zaune a kan farar shimfiɗar makoki, kansa a aske. Yau kwana goma sha biyu da rasuwar mahaifinsa, Kesarimal Tibrewal, kuma yau za a naɗa wa magaji rawani a gaban dangi. Wanda aka naɗa shi ne uban gida, shi zai zauna kan katifar mai gida a shagonsu na yadi. Amma rawanin daga gidan surukai yake zuwa, kuma rabon Ramniwas da yin magana da surukinsa Dungarmal Kedia tun wani biki da ya ture masa hannu a gaban mutane lokacin da tsohon ke ba shi alawa a baki.

"In babu, ai ba ma rasa ba," Baffa ya ƙara, yana shafa kan ɗansa Pawan. "Surukan wannan tun safe suka zo da nasu. Gida ba ya kwana babu kai."

Dattawa suka fara kallon juna. Wani ya yi tari.

Kaushalya, matar Ramniwas, ta matso ta bayansa, mayafi ya rufe mata fuska har haɓa.

"Ji mana," ta raɗa masa. "Babana ya iso. Yana ƙasa, bakin titi."

"To ya hau mana!"

"Ya ce ba zai taka matakala ba sai ka sauko ka taɓa ƙafarsa."

Ramniwas ya dubi shimfiɗar da yake kai. Magaji ba ya barin shimfiɗa kafin naɗi, kowa ya san haka; in ya tashi, wani na iya haye ta. Ya saci kallon Pawan, sai ya ga har ya tattare bakin zanen da ya ɗaura a ƙugu, ya ɗan ɗaga gwiwa ɗaya.

"Je ka, ɗana, je ka," Baffa ya ce da murmushi. "Babba ne, bai kamata ya tsaya a rana ba. Wurin ba zai yi sanyi ba."

"Na sani, Baffa. Akwai mai ɗumama shi."

Pandit ya buɗe baki zai yi magana. Ramniwas ya miƙe. Pawan ma ya zabura, amma kafin ya kai, Ramniwas ya sunkuya ya fizge shimfiɗar, ya naɗe ta a hammata, ya nufi ƙofa.

"Kai, mahaukaci! Ina za ka da ita?" Baffa ya daka masa tsawa.

"Inda rawani yake. Mai son shaida ya biyo ni."

Falon ya hargitse. Tsofaffi suna neman takalma, Pandit na rungume da farantin jan garin da ake shafa wa magaji a goshi, Baffa na ihu cewa ba a taɓa yin haka ba.

A ƙasa, masu dako suka tsaya da dilolin yadi a ka. Dungarmal na jingine da mota, rawani mai ruwan hoda a hannunsa. Ramniwas ya baza shimfiɗar a gabansa, gefen kwata, ya hau kai ya durƙusa, ya kama ƙafafun tsohon biyu.

Dungarmal ya daɗe yana kallon askakken kan. Dangi sun cika bakin ƙofa, babu mai motsi.

"Taurin kai kamar ubanka," ya ce. Ya warware rawanin. "Ɗago, surukina. Kar ka motsa, bari in naɗa maka."