Teburin Mama a Tsakiyar Teku

Ni na yankar mana tikitin jirgin, ba zan ɗora wa kowa ba. Shekara ashirin da biyu ina tsugune gaban kasko duk bikin girbinmu na Chuseok, ina suyar abincin da ake jera wa magabatan gidan su mijina a tebur. Da surukata, Mama, ta rasu a farkon shekara, na ce bana kam sai na ci abin da wani ya dafa. Kwana huɗu a jirgin ruwa daga Busan, ni da mijina Pil-su da mahaifinsa. Baba bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba.

Tun ranar farko kaina ya kulle. Wurin cin abinci har bakwai a jirgi ɗaya. Na hawa na goma sha ɗaya kowa zuba wa kansa yake yi. Na hawa na biyar sai da kati mai lokaci, kuma ba a shiga da silifas. Wani kuma sai ka ba da sunanka tun jiya. Mu hau mu sauka, mu tarar an rufe. Pil-su ya ce a bar masa taswirar, ya kai mu ɗakin wanki.

Ana gobe biki, muna cin abincin rana, Baba ya ajiye cokali ya tambaye ni a ina za a shirya wa Mama teburinta.

Bikinta na farko ke nan a cikin magabata, ga shi na kwaso mata miji da ɗa zuwa tsakiyar teku. Ta ina ma za ta bi ta same mu? Kunya ta rufe ni, na ji haushin kaina, sai na huce a kan Pil-su.

Da safe na duba katin abincin da ake kawowa ɗaki: burodi, ƙwai, kofi. Wannan zan ajiye wa Mama? Matar da ko burodi ba ta ɗauka a bakin abinci ba! Na buga waya na roƙi farar shinkafa da romon nama da soyayyen kifi, ban da tafarnuwa, ban da barkono. Mai amsa wayar ta tambaya wane ne zai ci a cikinmu ukun. Na ce ba ɗaya daga cikinmu ba ne. Ta ce ai ba a shigo da baƙo jirgi. Na ce ba baƙuwa ba ce, uwar mijina ce. Ta nemi lambar ɗakinta. Na ce dai a kawo.

Na aiki Pil-su sama ya samo 'ya'yan itace. Ya dawo da tuffa biyu da kwanon kimci, tsimin kabeji jajir da barkono, abin da kowa ya san yana korar mamaci. Shekara hamsin yana sunkuyawa gaban teburin nan, bai taɓa duba abin da ke kai ba. Baba ya buɗe jakarsa ya ciro hoton Mama da ƙullin magarya. Ashe tun daga gida ya zo da shirinsa.

Sai kuma neman arewa, don can ake sa hoto. Muka kunna talabijin mai nuna hanyar jirgi, muka ja tebur jikin taga. Kafin in jera kwanuka jirgin ya karkata zai shiga tasha, arewa ta koma ƙofar banɗaki. Sau uku muna jan teburin nan. A na huɗu Baba ya ce a bar shi, ita dama ba ta taɓa sanin gabas da yamma ba.

An hana kunna turare a jirgi, haka muka sunkuya ba hayaƙi. Baba ya kafa cokali a tsakiyar shinkafa, ya ɗora tsinken ci a kan kifi. Muka tokare ƙofa da silifas don ta samu hanyar shiga, muka fita ƙarshen lungu, muka juya baya don ta ci a natse, kamar yadda ake yi a gida.

Da lokaci ya yi, Baba ya yi gyaran murya sau uku muka shiga.

Tebur fes. Ba shinkafa, ba kifi, ba ko magarya ɗaya. An gyara gado, an goge hoton an jingina shi a jikin matashi. Muka tsaya muna kallon juna. Na rantse tsigar jikina ta tashi. Sai da na leƙa waje na hango mai shara tana tura kekenta, cokalinmu na tsaye a saman kwanuka. Ta ga ƙofa a buɗe, ba kowa, ta yi aikinta.

Raina ya ɓaci, na yunƙura zan bi ta, Baba ya riƙe mini hannun riga.

“Ƙyale ta, 'yata,” ya ce. “Shekara hamsin da ɗaya ina tare da matar nan, a tsaye take cin ragowarmu, kuma ita ke wanke kwanon. Yau ta zauna ta ci, an kwashe mata.”

Ya jawo kujera ɗaya tal da ke ɗakin ya tura mini. “Ke ma zauna. Pil-su, je ka kawo wa matarka abinci.”

Na zauna, hawaye suka ƙwace mini. Pil-su yana tsaye a bakin ƙofa da taswira a hannu, yana tambayata hawa na nawa.