Satumba Ne Ya Kawo Maganar

Sunana Afrilu, kuma ba ni na zaɓa ba. A watan Afrilu aka sauke ni daga jirgin bayi a Kep, can ƙarshen kudancin Afirka, ina ɗan shekara bakwai. Wanda ya saye ni bai ga dalilin wahalar da kansa ba, sai ya dubi kalanda ya laƙaba mini. Haka aka yi wa yawancinmu. Sai ka shiga gida ɗaya ka tarar da Janairu yana faskare, Maris yana wanke doki. Na shekara ashirin da samun 'yanci, na buɗe shagon ɗinki, na yi furfura, amma da an fara yayyafi sai matata Salamina ta leƙo ta ce, "To Afrilu, tunda ka zo mana da ruwanka, sai ka kwashe shanyar." Tun ina jin haushi har na saba.

Bayan ɗinki, kotu takan kira ni in yi tafinta, don ina jin Holanci da Malayanci da irin Fotugis ɗin da bayin Mozambik ke yi. Dokar aikin ɗaya ce, kuma Fiskal, wato mai gabatar da ƙara, ya faɗa mini ita tun ranar farko. Abin da ya shiga kunnena shi zai fita ta bakina, ba ƙari ba ragi. Tafinta ba ya tambaya, ba ya da ra'ayi.

A lokacin girbin wata shekara, bayin gonar Baas Kurtsen, wato maigida Kurtsen, da ke bayan duwatsu suka yi bore. Sun ji raɗe-raɗin cewa Sarkin Ingila ya aiko da takardar 'yanta bayi, iyayen giji suka ɓoye. Suka ɗaure mai gonar, suka ƙwace bindigogi biyu, suka cinna wa rumbun alkama wuta. Kwana biyu tak sojoji suka tattaro su. Abin da ya fi tsaya wa hukuma a rai ba rumbun ba ne. So suke su san bakin da ya fara kai maganar 'yanci gonar, don su rufe shi da igiya.

A watan Fabrairu aka gurfanar da mutum uku. Adonis da Kupido sun amsa cewa su suka riƙe bindigogin. Na ukun makiyayin tumaki ne, dogo, siriri, mai suna Satumba. Ya ce ranar boren yana kan tudu da garkensa, amma maganar bawa a kan kansa ba ta da nauyi a wannan ɗakin. Layi ɗaya ne kawai a kansa, cikin takardar da akawun gunduma ya rubuta a gonar daga bakin Filida, tsohuwar da ke yi musu girki. An tambaye ta wa ya kawo maganar 'yanci. Ta ce Satumba ne ya kawo ta. Wannan layin kaɗai ya isa a rataye shi.

Na sha ganin yadda ake yi. A karanta wa mai shaida abin da aka ce ya faɗa, a tambaye shi ko haka ne, ya ce haka ne, a wuce. Wa zai tsaya a gaban Turawa biyar masu baƙaƙen riguna ya ce takardarsu ta yi kuskure? Ni kaina na daina sauraron ma'anar maganganun tuntuni, ina dai juya su kamar yadda nake juya riga in zan yi mata kalmasa.

Aka shigo da Filida tana dogara sanda. Kunnenta ɗaya ya mutu, sai da na koma ɓarin hagunta. Fiskal ya karanta layin, na maimaita mata da Fotugis, na ce, "Inna, haka kika faɗa?"

"Haka na faɗa mana," in ji ta. "Satumba ne ya kawo ta. Ai shi ke kawo mana komai. Furanni, ƙudaje, masu askin tumaki, da duk surutun da suka kwaso a hanya. Kowace shekara haka yake yi."

Na juya na ce, "Ranka ya daɗe, ta ce haka ne."

Fiskal ya ɗaga hannu, alamar ya isa. Akawu ya tsoma alƙalami a tawada. Makiyayin ya sunkuyar da kai. A daidai nan furannin suka faɗo mini a rai. Wane makiyayi ne ke kawo furanni da ƙudaje kowace shekara? Sai na ji muryar Salamina raɗau a kunnena, tana cewa na zo musu da ruwana. Ashe watan take nufi, ba mutumin ba.

Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Na san in na buɗe baki zan iya rasa aikin, in ma abin ya tsaya a nan. Amma dokar da Fiskal ya ba ni baki biyu gare ta, kuma shi ya faɗa da kansa.

"Ranka ya daɗe, ban gama ba," na ce. "An ce mini ba ƙari ba ragi. Akwai saura."

Na juya maganarta duka, har ƙudajen. Wani a bayan ɗaki ya tuntsire da dariya. Fuskar Fiskal ta yi ja, ya ce ba a tara kotu don sauraron sambatun tsofaffi ba. Amma babban alƙalin, wani dattijo mai ciwon ƙafa wanda kullum hankalinsa na kan abincin rana, ya ajiye tabaransa ya dube ni.

"Fursunan ne ke kawo furanni?"

"Ni dai abin da ta faɗa na faɗa, ranka ya daɗe."

"Ce mata ta nuna mana Satumba da hannunta."

Na faɗa mata. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta riƙe haɓa.

"Ɗan nan, kanka ɗaya kuwa? Ina zan samo maka Satumba a tsakiyar Fabrairu? Ka jira damina ta wuce, zai zo da kansa."

Wannan ma na juya shi kalma da kalma, har da tambayar ko kaina ɗaya. Alƙalin ya nuna makiyayin da alƙalaminsa ya ce a tambaye ta ko wane ne wancan.

"Wancan? Ai Nikula ne," in ji Filida. "Jirgi ɗaya ya kawo mu, a hannuna uwarsa ta cika. Baas ne ke ce masa Satumba, ni bakina bai taɓa kiransa da wannan sunan ba. Nikula kuwa ko da tumakinsa ba ya doguwar hira, balle ya kawo wa mutane magana." Sai ta tsaya, ta dubi sarƙar da ke ƙafarsa, ta dubi takardar da ke hannun Fiskal. "Kai, tsaya. Ba dai saboda abin da na faɗa aka ɗaure shi ba?"

Ban amsa mata ba, don tafinta ba ya amsawa. Amma ta gani a fuskata.

Sauran bai ɗauki lokaci ba. Da aka bi diddigi, ashe akawun gunduma da Holanci ya tambaye ta, ta ɓarin mataccen kunnen. A harshen nan kalmar wa da kalmar yaushe da sauti ɗaya suke farawa, ita kuwa yaushe ta ji. Fiskal ya so ya kama wani abu, ya ce to ta faɗi wane ne ya kawo maganar cikin masu askin tumakin. Ta ce mutanen hanya ne, miya take zuba musu, ba ta tambayar suna. Ina kyautata zaton ta sani sarai. Na juya amsarta yadda ta bayar, ba ƙari ba ragi.

An yanke wa Adonis da Kupido hukuncin rataya, kuma da bakina suka ji shi. Wannan yana nan a raina har gobe. Makiyayin kuwa aka ce a kwance shi a mayar wa ubangijinsa. Ba 'yanci ya samu ba, tumakin Baas Kurtsen zai koma. Duk da haka da na ji ƙarar sarƙar ta faɗi ƙasa, sai na zauna a kan bencin masu shaida na yi ajiyar zuciya. Ban san rabon da in ji sanyi a raina irin na wannan ranar ba.

Na sami Nikula da Filida a tsakar gidan kotu suna jiran amalanken shanu. Yana zaune a ƙasa yana shafa wuyansa, ita kuma tana ta faɗa.

"Kai ma da laifinka. Mutum ya ji za a rataye shi, ya yi shiru kamar tunkiya. Ba ka da baki ne?"

"Inna, na yi magana, ba a rubuta ba."

"To ai ga wanda ake rubuta tasa." Ta zungure ni da sanda. "Shi ma saura ƙiris ya haɗiye mini rabin magana. Na gan ka."

Nikula ya ɗago ya dube ni. "Yaya, wa zan ce ya taimake ni? Mene ne sunanka?"

"Afrilu."

"A'a. Ba na kalanda ba."

Na laluba sunan a kaina, na rasa. Shekara arba'in da biyar ba wanda ya tambaye ni. Na tsaya kamar sakarai a cikin rana, har sai da na tuno wata mace a bakin teku tana ƙwala mini kira in zo in ci shinkafa.

"Sankala," na ce.

"Sankala," in ji Nikula. Filida ta sa na maimaita a kunnenta mai ji, ta faɗa sau biyu, duka ba daidai ba.

Da na koma gida na ba Salamina labari tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe, ta ƙara mini miya. Bayan wata biyu ina kan ɗinki aka fara yayyafin farko na shekara. Na ji takunta, na shirya wa zolayar da na saba. Ta leƙo ta ƙofar shago.

"Sankala," ta ce, "ruwa ya zo. Taso ka taya ni kwashe shanyar."