Gurbin Fitilar Cleophus

Wendell, ɗan kawuna, yana yaro aka tafi da shi Detroit. Sai da ya yi ritaya daga masana'antar motoci ya dawo mana Georgia, da furfura da ƙaton injin yankan ciyawa. Mutumin kirki ne, amma irin masu kirkin nan da ba sa tambaya kafin su yi abu. Ni kam na fi tsoronsu a kan mugaye, don mugu ana sa masa ido.

Ranar Asabar ce, washegari Lahadin da 'yan cocinmu na nesa suke dawowa gida ziyara. Mata suna bayan coci suna soya kaza. Na ɗauko Mama Ozella a mota, don ta ce sai ta gaida mijinta Cleophus kafin baƙi su cika wurin. Ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, ciwon gwiwa kuma ya daɗe da hana ta shiga tsohon ɓangaren maƙabarta. Bana ta ce ko da rarrafe sai ta shiga, ta nuna mini inda za a sa ta kusa da shi.

Muka tarar Wendell ya sare dajin da ya rufe wurin tas. A gindin shinge kuwa ga tsibin kaya: kofuna, butoci, agogo, tasoshi, fitilu, fasassun tangaram. Yana turo baro na ƙarshe yana murmushi.

"Yaya Purvis, ka ga sharar da mutane suke zubarwa kan iyayenmu? Na kwashe. Yanzu sai in sa inji."

"Kar ka kuskura ka taɓa injin nan," na ce.

Mama Ozella ta riƙe hannuna. "Purvis, wane ne wannan? Me ya kwashe?"

"Wendell ne, Mama, ɗan marigayi Hosea. Kayan kaburbura ya kwashe."

Ta ce, "Zo nan, ɗan Hosea. A Detroit ɗin ba a mutuwa ne?"

"Ana mutuwa, Mama. Amma dutse ake sawa da suna."

"To mu nan ba mu samu dutse ba. Katako muka samu, gara ta cinye. Abin da mutum ya taɓa na ƙarshe shi ake ɗora masa, shi ne sunansa. Ka kwashe sunayen mutane ka zuba a baro. Yanzu ina Cleophus?"

Wendell ya cire hula. Ya dubi filin, ni ma na duba. Ƙasa ce shimfiɗe, ganye ya daɗe da cike inda kaburbura suka lotsa, itacen da ake kwatance da shi kuwa guguwa ta tafi da shi tuntuni. A yamma hadari ya soma haɗuwa.

Na durƙusa don in ɓoye fushina, sai na ga wani zagaye a ƙasa, baƙi, babu ko tsiro a ciki. Gurbin tasa ne. Abin da ya shekara da shekaru a wuri ɗaya ba ya tashi bai bar shaida ba. Amma ƙasarmu yashi ce, ruwa ɗaya ya isa ya shafe komai.

Na aika aka kira kowa. Mata suka sauke mai daga wuta, suka zo hannuwansu duk gari. Kowa ya ɗauki abin da ya sani, ya shiga neman gurbinsa, yana taka ƙasa a hankali.

Wata ta ɗaga farar tasa mai tsatsa a baki, ta ce ta ungozoma Arletha ce. A cikinta aka yi wa rabin gundumar nan wankan farko, har da 'ya'yan fararen da daga baya suka hana ta shiga asibitinsu ta ƙofar gaba. Wani dattijo ya rungume kofin soja na yayansa, wanda ya je yaƙi ƙetare ya dawo aka ce ya koma kujerun baya na bas, don shi baƙi ne. Ya ce da kofin nan ya sha ruwa ranar da ya cika. Ni ban yi makaranta mai nisa ba, amma na karanta littattafan tarihin ƙasar nan da yawa a kan teburin kicin, ban ga sunan ɗayansu a ciki ba. Duk da haka layin dogon da aka yi alfahari da shi su suka shimfiɗa, yaran da suka zama manya su suka raina. Wanda yake jin shi ya yi kansa, ya zo in ba shi tasar Arletha ya riƙe.

Fitilu biyu aka samu na ma'aikatan jirgin ƙasa, iri ɗaya. Mama Ozella ta shafa su, ta gane ta mijinta da wayar da ya naɗe mariƙin da ita. Ɗayar ta Amos ce, abokin aikinsa. Gurbinsu ma muka samu, zagaye biyu masu jan tsatsa, kusa da juna, girmansu ɗaya. An binne su gefe da gefe, an bar mata fili a ɗaya gefen na mijinta. Amma wanne ne gurbin mijin, wane gefe ne nata?

"Mama, dama ne ko hagu?" na ce.

"Wajen itace."

"Itacen babu shi."

"To ni ma ban sani ba. Ta can muke shigowa a da, ko ta nan?" Ta juyo wajen jama'a. "Ku ji, kar ku kwantar da ni kusa da Amos. Sau biyu ya nemi aurena na ƙi. Ba zan ƙi shi da rai ba a kai masa ni a mace."

Mata suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Wendell tun ɗazu kaya kawai yake miƙa wa mutane. Sai ya ce, "Mama, ba ni fitilar."

"Ka gama da ita ai."

"Ki ba ni dai."

Ya juya ta, ya bi gindinta da babban yatsa yana lumshe ido. Aikinsa kenan duk rayuwarsa, shafa ƙofar mota ya ji inda ba ta zauna daidai ba. Ya tsaya a wuri ɗaya.

"Nan ta lotsa kaɗan. Ta Amos ba ta lotsa ba."

Dattijon mai kofin soja ya ce, "Wannan ai tun lokacin fafutukar yi wa baƙaƙe rajistar zaɓe ne, da aka ce za a ƙona mana coci. Cleophus da Amos suka yi ta gadi a bakin ƙofa da fitilun nan har aka gama. Can ta samu wannan tabon."

"Gadi kam sun yi," in ji Mama Ozella, "ba don su ba da yau ba ku da inda za ku soya kaza. Amma tabon nan ni na yi shi. Jifansa na yi da ita, ya kauce, ta sami murhu."

"Me ya yi miki, Mama?"

"Ba da kai aka ɗaura auren ba."

Wendell ya kwanta rub da ciki cikin farar rigarsa. Ya bi gurbi na farko da yatsa, a hankali, har ya zagayo. Ya matsa na biyu. Iska ta taso, ganye ya fara gudu a ƙasa. Ya kai rabin zagayen ya tsaya, ya koma baya, ya sake bi. Sannan ya ɗauki fitilar ya saukar da ita, ya ɗan juya, ta zauna ba ta motsi.

"Kawo hannunki, Mama."

Muka durƙusar da ita mu biyu. Ta shafa inda ƙarfe ya haɗu da ƙasa, ta daɗe tana shafawa.

"Ga ka nan, tsohon banza," ta ce a hankali.

Na yanko sanda na kafa a filin da ke gefensa, wajen kudu.

Ba duka muka gama ba. Ruwa ya sauko alhali akwai sauran kofuna da wani agogo a gindin shinge, waɗanda babu mai rai da ya san masu su. Muka jera su wuri ɗaya cikin maƙabartar, fasto ya yi musu addu'a a tsaye cikin ruwa. Wannan asarar ta tabbata, ba zan ce ba ta tabbata ba. Wendell ya tsaya kansu yana kuka kamar ba dattijo ba.

Mama Ozella ta ce in kira shi mota. Ya zo jiƙe sharkaf, ya tsaya a bakin taga.

"Ɗan Hosea, ka yi ɓarna, ka kuma yi gyara. Na gode. Ranar da za a kawo ni, kai za ka tsaya kan masu haƙa, kar su karkace." Ta ja gilashi sama kaɗan. "Shigo mana, kana jiƙa mini kujera da tsayuwar nan."