Sandar Kyaftin

"Girgiza kujerar da kyau, maƙwabciya! Jirgi ne, ba jariri kike rarrashi ba," in ji Kyaftin.

Na ƙara ƙarfi. Ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, ga ni a tsakar gidan Kyaftin ina jijjiga kujerar roba, autarsa na zaune a kai da sandar dogarawarsa tsakanin gwiwoyinta a matsayin sitiyarin jirgi. Da shi yake girgiza ta, amma tun da ciwo ya cinye shi ko kofin shayi sai an riƙe masa.

Koyar da tuƙin ƙananan jirage ya ba duk ƙuruciyarsa. Ya ce in jirgi ya ɗaga hanci fiye da kima, fukafukai sai su daina riƙe iska, ya kama karkarwa zai faɗo. Zuciya za ta ce ka ja sitiyari jikinka, kuma wanda ya ja ya halaka. Sai dai ka tura gaba, hanci ya kalli ƙasa, ka ba inji wuta.

Auta kuwa ja take yi, har makarantar koyon tuƙin jirgin ta ce gwajin gobe ne na ƙarshe.

"Kin sake ja."

"Baba, ƙasa nake gani tana tahowa."

"Ƙasa ba ta da ƙafa, 'yar nan. Tura."

Da safe ta tsaya a bakin ƙofa da kayan makaranta. "Gwaggo, dubi numfashinsa. Ba inda za ni."

"Tafi," in ji shi. "Ina jin ki daga nan."

A saman gonakin bayan unguwa suke gwajin. Ya sa na fito da shi kan kujera, na ɗora masa sandar a cinya. Da hantsi muka ji ƙugin ɗan jirgin yana hawa. Can sai injin ya yi ƙasa da murya, kamar an toshe masa baki.

"Tura," ya ce, da ƙyar nake jin sa. "Tura, Auta."

Na ɗaga kai ina neman ta a sama, rana ta cika min ido. Shirun ya yi tsawo har na fara salati. Sai injin ya barke da ƙara, lafiya lau.

"Kyaftin, ta tura! Ka ji?"

Ban san ko ya ji ba. Abin da ke cin raina ke nan har yau: sama nake kallo.

Da azahar ta shigo a guje tana kiran Baba, ta ga takalman masu ta'aziyya jibge a ƙofar ɗaki, ta yi cak. Kujerar tana nan inda muka bar ta. Sandar na kwance a gaban kujerar kamar an tura ta, kanta na kallon ƙofa.