Awakin Baba Na Allah

Madam Balkisu ce ta fara dirowa daga motar, igiyar awo a hannunta, tana ce wa ɗalibai kowa ya fito da kayensa, wato littafin rubutu, da bik. 'Yan aji uku ne na kwalej ɗin da take koyar da kimiyyar halittu a Tasawa. A daminar da ta wuce, cikin hutu, ta taro su suka dasa itatuwan dogon yaro da na turare a wani fili da maigari ya ba lakwal, wato makarantarsu, a hanyar Mayahi. Yau sun zo auna tsawon abin da suka dasa.

Mushe Gazali, wato Malam Gazali daraktan kwalej ɗin, ya fito daga gaban mota yana gyara rigarsa. Da ƙyar ya yarda da wannan fita. Ya sha faɗa mata cewa karatu a cikin aji ake yi, daji kuwa wurin macizai ne da ƙorafin iyaye. Ya biyo su ne don ya gani da idonsa, sannan ya yanke ko za a sake fita.

Suka haura wani tudu, sai ga filin a gabansu.

Babu komai a filin sai ramuka da tsinkuna busassu. Shingen ƙayar da suka sha wuya a kansa ya kwanta, ga kashin awaki ko'ina. Balkisu ta bi layin farko har ƙarshe, ta dawo ta na biyu. Guda huɗu kawai ta samu da ɗan kore a jikinsu.

"Madam, me za mu auna?" in ji Huda, wata doguwar yarinya da ta fi kowa jidar ruwa ranar dashen.

Balkisu ta tsaya a bakin wani rami. Tana jin idon darakta a bayanta.

"To, Madam," in ji shi a hankali. "Ina ga mun gani. Rana na yi."

Sai ga wani tsoho ya ɓullo daga gonar da ke maƙwabtaka, adda a kafaɗa. Ya yi sallama, ya ce sunansa Na Allah.

"Baba, ka san mai awakin da suka yi mana wannan ɓarna?" in ji Balkisu.

"Na san shi, ɗiyata. Ni ne. Da nawa da na gari duka. Bayan girbi ake sakinsu. Ku gafarce ni, na tada shingen sau biyu, iska ta kayar."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai idonta ya sauka a kan gonarsa. Ba shinge, ba rijiya, amma ga gawo, ga kalgo, ga aduwa da magarya sun tsaya jefi-jefi, wasu sun fi ɗaki tsawo. Awakin ma suna kwance a inuwarsu.

"Naka fa? Don me ba su cinye naka ba? Ina ka samo irin?"

Tsohon ya yi dariya. "Ban taɓa dasa icce ko ɗaya ba. Ku zo."

Bai kai su gonarsa ba. A cikin filin lakwal ɗin ya tsaya, gaban wani cunkoson sabara da ɗaliban suka yi ta tsallakewa. Ya durƙusa ya tone rairayi da hannu, sai ga wani baƙin kututture mai kauri.

"Wannan ya girmi malamarku. Kowace shekara ana sare shi a ƙone, kowace shekara yana tohowa. Saiwarsa ta riga ta kai ga ruwa. Naku jarirai ne, akuya ta ciza sau ɗaya sun tafi. Wannan ko ta ci, gobe ya dawo."

Ya zaɓi rassa uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya share na ƙasa-ƙasa, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage.

Balkisu ta ji kunya ta rufe ta. Ita da kanta ta sa aka sassabe irin waɗannan ranar dashen, don a samu wurin haƙa ramuka. Ta juya ga ɗalibanta.

"Kun ji. Ni na sa kuka sare su bara, kuskurena ne. Ku watsu huɗu-huɗu. Duk kututturen da kuka samu, ku tambayi Baba sunansa, ku rubuta da Hausa, ku auna tohonsa."

Filin ya cika da ihu. "Baba, ga wani nan!" "Madam, wannan kalgo ne ko?" Addar ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Huda ta gano wani ɗan gawo da bai kai gwiwa ba, ta hana kowa matsowa kusa da shi. Kafin azahar sun gyara fiye da sittin, sun ɗaura wa kowanne tsumma don masu itace su gane.

Mushe Gazali kuwa bai shiga cikinsu ba. Yana tsaye ne a gefe, hannuwa a baya. Da aka fara shiga mota, Balkisu ta nufo shi don ta ji hukuncinsa, amma ya wuce ta ya je wurin tsohon.

"Baba, mahaifina ya bar mana gona a garin Sarkin Hausa. Ta zama fako, ƙannena har sun daina shuka ta. In na zo da mota, za ka je ka duba mana ko akwai irin waɗannan a ciki?"

Na Allah ya goge addarsa a gefen riga.

"Akwai su, ko ban je ba. Amma ƙafafuna sun gaji, Mushe." Ya nuna motar da haɓa, inda ɗaliban ke rigimar wurin zama. "Ga masu ƙafa nan. Sun iya."

Darakta ya daɗe yana kallon motar. Sannan ya juyo.

"Madam, Asabar mai zuwa kina da wani aiki?"